Aikin fasaha a cikin gida: a fara tambayar masu kwana a cikinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani lamari da jaridunmu na Hausa ba su cika waiwayarsa ba, wato sassaƙa da jeren fasaha na zamani da ake yi a cikin gidajen da mutane suke kwana suke tashi. Na san akwai mai karatun da zai ce, a wannan hali na tsadar abinci da kuɗin haya, wa yake ta sassaƙa? Amsar da zan ba shi ita ce, masu hali suna nan suna ta gina gidaje a Kano da Kaduna da Abuja, kuma kuɗin da suke zubawa a kan ado ba kaɗan ba ne, ko mun tanka ko mun yi shiru. Tunda kuɗin fita suke yi, ya kamata a tattauna abin da ake saye da su, da kuma wanda zai zauna da abin da aka saya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ziyarar da na kai gidan wani ƙanena bayan ya tare a sabon gininsa. Gida ne mai kyau, kuma an bar masa tsakar gida mai faɗi kamar yadda muka gada. Sai dai a tsakiyar wannan fili, mai adon da aka ɗauko ya kafa wani dogon ginshiƙi na siminti da ƙarfe wanda ya ɗara mutum tsayi, ya kewaye shi da kwarmi mai tayil da aka ce ruwa zai riƙa tsartuwa a ciki. A waya ya ga hotonsa, a wani gida na wata ƙasa, ya nuna wa maigida, maigida ya ce a yi. Da na shiga gaida uwargidan, sai ta kai ni bakin abin ta nuna mini ƙasa. Daidai nan inuwar katangar yamma take kaiwa da la'asar, nan ta so ta riƙa shimfiɗa tabarma, nan mata za su zauna ranar suna, nan yara za su yi wasa tana hangensu daga kicin. Gindin ginshiƙin kuma ya tare gangaren da aka yi wa daɓen, saboda haka ruwan sama ba ya samun hanyar rariya, sai ya taru a ƙofar kicin har sai an sa tsintsiya an kore shi. Injin tsartuwar ruwan bai yi mako biyu ba aka kashe shi, domin gidan da ake jiran wuta kafin a ɗaga ruwa zuwa tanki ba zai ɗauki nauyin ruwan ado ba. Ta ce da ni, "Yaya, ni da nake wuni a filin nan, ba wanda ya tambaye ni." Wannan magana tata ta hana ni sakat tun daga ranar.

Abin da nake kira jeren fasaha shi ne aikin da ake tsara abubuwa a cikin ɗaki ko fili har wurin gaba ɗayansa ya zama shi ne aikin, mai kallo kuma ya shiga cikinsa da ƙafarsa maimakon ya tsaya daga gefe. Masu wannan sana'a sun daɗe suna bambanta aiki iri biyu. Akwai wanda ake gamawa a ɗakin aiki, a ɗora a mota, a sauke shi ko'ina, ya zauna a Legas kamar yadda zai zauna a Faris. Akwai kuma wanda ake yi domin wuri guda, bayan mai aikin ya zauna a wurin ya auna faɗinsa da tsayinsa, ya ga ta inda hasken safiya yake shigowa, ya ji tarihin wurin, ya lura da hanyar da ƙafafun mutane suka saba bi. Irin wannan na biyu, idan aka raba shi da wurinsa, ya tashi daga aiki. Mai sassaƙa ɗan Amurka Richard Serra ya kafa doguwar katangar ƙarfe mai lanƙwasa, tsawonta ƙafa 120, tsayinta ƙafa 12, a dandalin da ke gaban ofisoshin gwamnatin tarayya a birnin New York a 1981. Ma'aikatan ofisoshin suka koka cewa ta tare musu hanya, aka yi zaman sauraron jama'a, aka kai ga kotu, shi kuwa ya kafe a kan cewa matsar da ita daidai yake da rushe ta. A 1989 aka yanka ta aka kwashe. A ganina Serra yana da gaskiya cewa aikin na wurin ne, amma ya auna dandalin ya manta cewa masu ratsa shi kullum su ma ɓangare ne na wurin. Idan haka ta faru a dandalin da mutum yake wucewa cikin minti biyu, yaya za ta kasance a gidan da zai kwana ya tashi da abin shekara da shekaru?

Aikin da ya fi tsaya mini a rai a wannan fanni shi ne wanda mai sassaƙa 'yar Birtaniya Rachel Whiteread ta yi a gabashin Landan a 1993, ta sa masa suna House, wato gida. A kan titin Grove Road, a unguwar Bow, akwai jerin tsofaffin gidaje masu manne da juna na zamanin Sarauniya Victoria, waɗanda hukumar yankin ta yi ta rushewa ɗaya bayan ɗaya domin ta mayar da wurin filin shaƙatawa. Gida mai lamba 193 shi ne ya rage, domin mazauninsa, wani dattijo da ya yi aiki a tashar jiragen ruwa, ya daɗe yana ƙin tashi. Bayan ya bar gidan, ƙungiyar Artangel mai ɗaukar nauyin irin waɗannan ayyuka ta karɓe shi daga hukuma na ɗan lokaci, ta miƙa wa Whiteread. Ita da ma'aikatanta suka zuba sabon harsashi, suka shimfiɗa ragar ƙarfe a jikin bangon kowane ɗaki daga ciki, suka fesa kankare a kai, hawa bayan hawa, har suka fita ta rufi suka toshe. Da kankaren ya kama, sai suka ɓamɓare gidan daga waje, bulo da katako da rufi duka, kamar yadda ake ɓare gyaɗa. Abin da ya rage a tsaye shi ne siffar sararin da ke cikin ɗakunan, mai hawa uku, fari-fari kamar toka, kuma komai ya fito a juye. Murhun ɗumama ɗaki, wanda lotsawa yake yi cikin bango, ya turo waje kamar ƙulu. Tagogi sun zama dutse ba sa nuna komai. Ƙofofi suna nan da zanen katakonsu, amma babu wadda za ta buɗu.

A hoto na gan shi, kuma ban buƙaci wani ya yi mini bayaninsa ba. Duk wanda ya taɓa bi ta lungun da aka rushe tsohon gida a cikin birnin Zariya ko Kano ya san wannan kallo. Gidan ya tafi, amma a jikin bangon maƙwabci kana ganin sawun ɗakin da ya ɓace: alkukin da ake ajiye fitila, baƙin hayaƙin da murhu ya bari, ramukan da azara ta fita daga ciki, ƙusar da wata ta rataye madubinta. Mutum yakan rage tafiya ba tare da ya yi niyya ba, domin sirrin da aka rufe shekara 100 ga shi a fili rana tana dukansa. Wannan abin ne Whiteread ta kama ta tsayar da shi, kuma da an ɗauke shi an kai shi gidan adana kayan tarihi da ya zama tulin kankare kawai, domin ƙarfinsa yana cikin tsayuwarsa shi kaɗai a inda maƙwabtansa suka kasance.

An buɗe aikin ranar 25 ga Oktoba, 1993, mutane suka yi ta tururuwa zuwa kallo, aka kuma yi ta jayayya a jaridu. Ranar 23 ga Nuwamba Whiteread ta lashe lambar yabo ta Turner, babbar lambar fasaha ta Birtaniya, ita ce mace ta farko da ta samu, kuma a wannan ranar ce kwamitin hukumar yankin ya yanke shawarar cewa sai an rushe aikin. Ranar 11 ga Janairu, 1994, aka rushe shi, bai kai wata uku a tsaye ba. Masu son fasaha har yau suna ba da labarin kamar na gwanar da jahilai suka zalunta, amma ni ban ɗauki abin da sauƙi haka ba. Unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi wadda matsalar muhalli ta dama, kuma a jikin kankaren wani ya rubuta da fenti yana neman a ba kowa gida, baƙi da fari. Mutumin da yake jiran hukuma ta ba shi ɗaki, ya wayi gari ya ga an kashe kuɗi an toshe gida da kankare, baƙi kuma suna zuwa daga unguwannin masu kuɗi suna ɗaukar hoto a ƙofarsa, ba jahilci ne ya sa ransa ya ɓaci ba. Aikin ya saurari gidan har cikin ƙashinsa, amma mutanen unguwar 'yan kallo ne a cikinsa. Ina ganinsa aiki mai girma, kuma ina ganin wannan giɓi a jikinsa, kuma ba na jin ɗayan yana soke ɗayan.

Shekara 5 bayan haka aka bi wata hanya dabam a Japan. Naoshima ƙaramin tsibiri ne mai mutane kusan 3,000, wanda matasansa suka yi ta ƙaura zuwa birane suna barin tsofaffi da gidajen da ba kowa. A 1998 kamfanin Benesse ya fara gyara irin waɗannan gidaje a ƙauyen Honmura yana miƙa su ga masu fasaha. Na farko shi ne Kadoya, gida mai kimanin shekara 200, wanda aka mayar masa da bangonsa da rufinsa yadda suke tun asali, ta yadda mai wucewa a lungu ba zai bambanta shi da na maƙwabta ba. A cikin babban ɗakinsa, wanda aka bari da duhu, Tatsuo Miyajima ya yi kwarmin ruwa mara zurfi, ya nutsar da ƙananan fitilun lantarki 125 masu nuna lamba, kowace tana ƙirga daga 1 zuwa 9 ta sake komawa. Abin da ya burge ni shi ne bai tsara saurin ƙirgar da kansa ba. Ya kira mutanen tsibirin 125, yara da tsofaffi, kowa ya saita fitila ɗaya yadda ransa yake so, wani tasa tana gudu, wani tasa tana tafiya a hankali kamar numfashin mai barci. Saboda haka tsohuwar da take zaune a lungun tana iya shiga ɗakin ta ce wa jikanta ga tata can. Da wuya ta yarda a taɓa gidan, kuma da wuya ta ga baƙin da suke zuwa kallo a matsayin masu kutse, domin abin da suka zo gani da hannunta a ciki. Kwarmin ruwa ne a cikin gida, kamar na gidan ƙanena, amma dubi nisan da ke tsakaninsu.

A Amurka kuma, a unguwar baƙaƙen fata da ake kira Third Ward a birnin Houston na jihar Texas, Rick Lowe da wasu masu fasaha 6 suka karɓi ƙananan gidaje 22 da aka yi watsi da su a 1993. Gidaje ne na katako, sirara, ɗaki bayan ɗaki a layi guda, irin waɗanda talakawan kudancin Amurka suka daɗe suna zama a ciki. Lowe yakan ba da labarin cewa wani ɗalibin sakandare da ya ziyarci ɗakin aikinsa ne ya sauya masa tunani, lokacin da ya gaya masa cewa zane-zanensa suna nuna matsalolin da mutanen unguwa suka riga suka sani, in dai shi mai ƙirƙira ne, me ya hana shi ƙirƙiro mafita? Da taimakon masu sa kai aka share gidajen aka gyara su. Wasu aka ware domin masu fasaha su riƙa yin jerensu a ciki na 'yan watanni, sannan wasu su karɓa. Wasu kuma aka ba iyaye mata matasa masu rainon 'ya'ya su kaɗai, su zauna a ciki yayin da suke ci gaba da karatu. Wannan shiri, mai suna Project Row Houses, yana nan har yau bayan fiye da shekara 30. Akwai masu cewa wannan aikin jin ƙai ne, ba sassaƙa ba. Ni dai na lura cewa a nan ba a kori kowa domin fasaha ta samu wuri ba, kuma mai jego da mai sassaƙa suna gaisawa da safe ta kan shinge ɗaya.

Tun kafin ayyukan Landan da Naoshima da Houston, a 1986, Jan Hoet, shugaban gidan fasahar zamani na birnin Gent a Beljiyam, ya gwada fitar da baje koli daga gidan adanawa zuwa gidajen mutane. Ya nemi mazauna birnin su ba da aron ɗaki, ya tura masu fasaha kimanin 50 cikin gidajen, masu kallo kuma suka riƙa bin taswira suna ƙwanƙwasa ƙofofi tsawon watannin bazarar Turai. Daniel Buren ya yi wa ɗakin baƙi na wani gida ado da ratsin layukansa da aka san shi da su, ya kuma gina kwafin ɗakin a gidan adanawa domin a ga bambancin abu ɗaya a wuri biyu. Sai dai kowa ya san cewa mai ɗakin da zai ba da aro shi ne wanda ɗakuna suka yi masa yawa. Jef Geys, ɗaya daga cikin masu fasahar, ya lura da haka, ya kai nasa aikin gidajen masu ƙaramin ƙarfi, inda ya kafa ƙofofi masu ɗauke da taken juyin juya halin Faransa, 'yanci da daidaito da 'yan'uwantaka. Ba na kira da a kwaikwayi Gent a nan. Gidan Bahaushe yana da iyaka, baƙon namiji zaure ne matsayarsa, kuma babu mai hankalin da zai sayar da tikiti domin a leƙa turakarsa. Amma wannan iyakar ita kanta darasi ce ga mai fasaha, domin tana gaya masa cewa gida ba fili ɗaya ba ne. Abin da ya dace da fuskar gida, wadda ta kowa ce, bai dace da zaure ba, inda ake zaman gaisuwa da sulhu da karatu, kuma abin da ya dace da zaure bai dace da tsakar gida ba, wadda mata da yara suke mulki.

Ba aron kalma na yi a banza ba da na ce jere. Na tashi na tarar da ɗakin kakata da jerenta na aure, kuma ban taɓa shiga wani ɗakin baje koli da ya kama ni kamar wannan ɗakin ba. Daga kan gado har kusa da rufi kwanuka ne da langa da tasoshi, babba a ƙasa, ƙarami a kansa, mai fure ja kusa da mai fure shuɗi, an kife wasu an tsayar da wasu domin cikinsu ya kalli mai shigowa. Ba a ci da su ba a sha da su. Ranar jere 'yan'uwan amarya mata ne suke zuwa su tsara, kuma ba sa farawa sai sun tsaya a bakin ƙofa sun ga inda idon mai ɗaga labule zai fara sauka, da inda hasken ƙofar yake bugawa, domin ɗakin soro taga ɗaya ƙarama gare shi, kwanukan ne suke karɓar ɗan hasken su rarraba shi. Kakata takan sauke su kafin Sallah ta wanke ta goge, ta mayar da kowane mazauninsa, kuma tana iya gaya maka wanda ya ba ta kowane kwano da shekarar da ya shigo. Idan ta sauya ɗaki sai an sake tsarin daga farko, domin bangon ba ɗaya ba ne. Ga aiki na wuri guda, ga tarihin mai shi a jikinsa, ga hannun dangi a cikinsa, kuma mai kwana a ɗakin ita ce mai iko da shi. Duk sharuɗɗan da masana suke gindaya wa jeren fasaha na zamani, matan nan sun cika su ba tare da kowa ya kira su masu fasaha ba.

Haka maginanmu. Zanen da ake yi a fuskar gidaje a Zariya da Kano da Damagaram da hannu ake fitar da shi tun yaɓen yana ɗanye, a kewaye ƙofar zaure da dagi da sauran ƙulle-ƙulle, a ɗaga zankwaye a saman soro, kuma maginin yakan daidaita girman zanen da faɗin bangon da kuma nisan da mai tafiya a lungu zai iya ja da baya ya kalla. Ba su tsaya a kan na da ba: da keke da mota da agogo suka shigo ƙasar, sun shiga cikin zanen bango, domin maigida yana son gidansa ya faɗi zamaninsa. Garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'arsa a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da bakan gizo na laka da azara waɗanda masana gine-gine suke zuwa gani daga nesa, bai kamata 'ya'yansa su rasa abin kafawa a tsakar gida sai wanda aka gani a waya ba.

Na san abin da yake sa da yawa daga cikinmu ja da baya idan aka ambaci sassaƙa, wato hanin da malamai suke yi game da mutum-mutumi na abu mai rai, kuma ni ma ina kan wannan. Amma mai karatu ya sake duba ayyukan da na kawo daga Landan da Naoshima da Gent: siffar ɗaki ce, da lambobi a cikin ruwa, da ratsin launi, da ƙofofi, babu surar mutum ko ta dabba ko ɗaya. El Anatsui, ɗan Gana da ya koyar a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka tun daga 1975, ya shahara a duniya da manyan mayafai da ake ɗinkawa da murafun kwalabe da wayar tagulla, kuma yakan bar masu ratayewa su naɗe su su lanƙwasa su yadda bangon kowane wuri ya nema. Fagen yana da faɗi ƙwarai ga wanda yake kiyaye addininsa. Abin takaici ma shi ne, a wasu sababbin gidajen, abin da ake sayowa a kafa a bakin ƙofa shi ne zaki ko gaggafa na siminti, wanda bai dace da addinin ba, bai kuma dace da gidan ba.

Roƙona ga mai gini shi ne, idan ya ware kuɗin ado, ya kira mai fasahar tun ana fitar da harsashi, kafin a yi daɓe a kulle hanyar ruwa, ya kuma bar shi ya wuni a wurin sau biyu ko uku, da rani da damina idan hali ya yi. Ya zaunar da shi da uwargida, da wadda take shara da wanki, da tsohon da gwiwarsa ba ta son tsallake tudu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya tambaye shi wa zai goge abin idan hazo ya lulluɓe shi da ƙura, da yadda ƙarfen zai yi zafi a watan Afrilu lokacin da yaro zai dafa shi da hannu. Sashen koyar da zane da sassaƙa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya gaji kwalejin da Uche Okeke da Demas Nwoko da abokansu suka kafa ƙungiyarsu ta masu fasaha a 1958 suna kira da a haɗa fasahar gida da ta waje, yana yaye ɗalibai kowace shekara, kuma a cikin birni har yanzu akwai tsofaffin magina da suka iya zanen bango da sarrafa makuba. Da za a haɗa matashi ɗaya da dattijo ɗaya a kan gida guda, da kuɗin da bai kai na ginshiƙin ƙanena ba, na tabbata za a ga abin da ba a taɓa gani ba. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinka da mai ɗaukar hoto cikin lungunan Zariya da Kano su ɗauko fuskokin gidajen da suka rage kafin damina da bulo su gama da su, wakiliya mace kuma ta nemi izinin tsofaffin da har yanzu suke riƙe da jerensu ta zauna da su su ba ta labarin kwanukan.

Game da gidan ƙanena, na koma makon jiya na tarar an shawo kansa, an kuma yi ciniki da birkilan da zai fasa ginshiƙin ya gyara gangaren daɓen kafin ruwa ya sauka. Uwargidan ta riga ta zana da gawayi a ƙasa inda take son a yi mata dogon dakali a gindin katangar yamma, mai lanƙwasa a kusurwa domin masu zama su fuskanci juna, kuma ta ce a bar mata alkuki uku a bangon da ke bayansa. Kwanukan mahaifiyarta suna cikin buhu a sito tun ranar tarewa, ta ce uku daga cikinsu za ta fitar.

Wassalam.

Naka,
mai karanta jaridarku a kullum,
daga Zariya.